Motaleb Ya Shanya Jirgi

"Wai ni kam, wannan jirgi ne ko busasshen kifi ake yi?"

Moyna na tsugune bayan danga tana wanke shinkafa ta ji tambayar. Muryar Nitai Mistiri ce, tsohon masassaƙin jirage na ƙauyen. Ta leƙa ta tsakanin kara. Ga jirgin Abbanta an kife shi a kan tubala, gindinsa na kallon rana, ga mijinta Motaleb tsaye a samansa da baƙin tabarau, ya riƙe ƙugu.

"Kaka, ai wannan shi ne bambancin wanda ya fita da wanda ya zauna," in ji Motaleb. "A Citagong in za a gyara jirgi, fito da shi ake yi ya bushe ƙayau. Ku kuwa sai ku binne dukiya a taɓo kamar gawa."

"Jiragen Citagong na ƙarfe ne, ɗana."

"Jirgi ai jirgi ne."

"Haka ne. Kaza da agwagwa ma duk fukafukai gare su. Jefa kaza a ruwa ka sha kallo."

Tsoho ya tofar da jan yawun ganyen pan da yake taunawa kamar goro, ya yi gaba. Moyna ta koma kan shinkafarta.

Jirgin nan shi kaɗai Abba ya bar mata. A cikinsa aka kawo ta gidan miji daminar bara, uwarta na tsaye a kwata, matsayar jirage a bakin ruwa, tana cewa, "Da shi kika tafi, da shi za ki zo min ganin gida." Wata goma sha ɗaya ke nan ba ta sa uwarta a ido ba. Da rani tafiyar kwana biyu ce a ƙafa cikin gonakin shinkafa, ba a barin amarya ta yi ta. Da damina kuwa, in ruwa ya shafe gonaki ya mai da kowane ƙauye tsibiri, rabin yini ne in iska ta yi kyau. Shi ya sa da ruwa ya janye ta roƙi surukarta aka nutsar da jirgin a kududdufin bayan gida, yadda Abba yake yi kowace shekara don kada katako ya tsage. Abba har rami ya huda a ƙarƙashin katakon zama na baya, ya sassaƙa masa 'yar toshiya ya naɗe ta da zaren rama. In ya zare ta, jirgi ya sha ruwa ya kwanta a hankali. In damina ta zo a ɗago shi, ya fito garau kamar yau aka sassaƙa.

Can jirgin yake kwance lafiya lau, har Motaleb ya dawo.

Wata takwas ya yi a tashar jiragen Citagong. Ya ce mataimakin kyaftin ne. Moyna ba ta musa ba. Ita dai ta lura in zai zuba shayi sai ya ɗaga buta har saitin kunnensa, ya cika kofi shida a jere ba ɗigo ɗaya a ƙasa. Ba ta san ana koya wa kyaftin haka ba.

Kwanansa biyu da dawowa ya ga hancin jirgi ya leƙo daga kududdufi. Ya tara matasa aka ja shi waje, ya sanar a shagon shayi cewa nan da damina za a ga abin da ba a taɓa gani ba: jirgin yawon shaƙatawa, mai ɗaukar manyan mutane daga birni, sunansa Sarauniyar Teku.

"Ina tekun?" in ji maƙwabcinsu Hekmot, mai kiwon agwagi.

"Bhai, ɗan'uwana, in ba ka gane abu ba, ka sha shayinka."

Sati uku jirgi na shan ranar bazara. Katakai suka fara janye wa juna kamar 'yan'uwan da aka raba wa gado. Da farko tsinke ke shiga tsakaninsu, daga baya yatsa. Wata safiya Moyna ta ga kazarsu ta shige ƙarƙashin jirgin, 'yan tsaki na leƙowa ta tsagar ɗaya bayan ɗaya.

Da rana ta kai masa abinci, ta ja bakin sarinta, dogon zanen da take ɗaurawa, ta rufe rabin fuska.

"Kana ji?"

"Ina ji."

"Abba yakan ce... in katako ya bushe haka, sai ya kwana goma cikin ruwa kafin a hau."

Motaleb ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Abbanki, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne. Amma ya taɓa ganin teku?"

"A'a."

"To kin gani. Ke dai ki shirya kayanki. Awa biyu zan kai ki gida. Uwarki za ta ɗauka Gwamna ne ya zo."

Ya buɗe wani gwangwani da ya taho da shi, cike da farin kwaɓi irin wanda ake liƙe gilashin taga da shi. Ya bi tsaga-tsaga yana cusawa da babban yatsa. Nitai Mistiri ya aiko masa da tukunyar kwalta kyauta, ya mai da ita, wai jirgi baƙi na masunta ne. Ya sayo shuɗin fenti ya yi shafe uku, ya bar sauran a faranti a bakin hanya.

Da la'asar agwagin Hekmot suka dawo daga kiwo, su ɗari da wani abu. Kowa a ƙauyen yana da alamar agwaginsa. Na Hekmot jan ɗigo ne a fiffike, na Fuli Khala, gwauruwar da ke ƙarshen layi, shuɗi. Agwagi suka bi ta cikin faranti, suka goga jiki da jirgi, suka fito ta ɗaya gefen shuɗaye. Fuli Khala ta fito ta gani, ta ɗaga hannu sama.

"Allah mai arziki! Da safe goma sha biyu na saki, dubi abin da ya dawo min!"

"Khala, ki ji tsoron Allah, nawa ne!"

"Naka ja ne. Kana ganin ja a nan?"

Aka yini ana wankin agwagi da kananzir, Hekmot na zagi, agwagi na amsawa. Motaleb ya tsaya daga nesa yana cewa shi ma ya yi asara, an ɓata masa shafe na uku.

Daga nan aka koma kan sandar tsakiya, wadda ake ɗaura zanen iska a jikinta. Ta Abba kamu goma ce. Motaleb ya ce wannan ai tsinken sakace ne. Ya sayo gora mai kamu ashirin, ya ƙi a taya shi, ya saɓo ta a kafaɗa ya shigo layi. Da ya juya ya gaida liman, gindin gorar ya kwaso kabewa biyu daga rufin Fuli Khala. Da ya juyo ya ba ta haƙuri, kan gorar ya ɗauke lasifikar masallaci daga bishiya. Kwana uku ladan na kiran salla da maƙogwaronsa, yana waiwayen gidan su Motaleb tsakanin kowace kabbara.

Tsohon zanen iska na jirgin, uwar Moyna ce ta ɗinka shi da tsofaffin sarinta. Ga kore, ga ruwan goro, ga wani mai furanni da Moyna ta sani tun tana goye. Motaleb ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"Wannan ai tsumman goge tukunya ne."

Moyna ta karɓa ta ninke, ta sa ƙarƙashin katifa.

Ya tafi gidan Memba Saheb, wakilin ƙauyen a majalisar yanki, ya roƙo ƙaton ƙyallen roba na yaƙin zaɓen da ya wuce. Hoton Memba ne cike da shi, gashin baki kamar tsintsiya, yana murmushi ya haɗa tafin hannu. Memba ya yarda, da sharaɗin shi zai fara hawa, kuma a kira mai hoto. Kwana huɗu Moyna na ɗinke gefen ƙyallen da basilla, hancin Memba shimfiɗe a cinyarta, ya kai girman kwarya.

Abu na ƙarshe, Motaleb ya ce manya ba sa zama a katako. Ya jera tubala a cikin jirgi, ya shafe da suminti, ya kafa kujerar ƙarfe a tsakiya.

Surukar Moyna ta leƙa ta gani. "Bou," ta ce mata, yadda ake kiran matar ɗa, "ɗan nan nawa jirgi yake yi ko masallaci?"

Moyna ta sunkuyar da kai.

Ruwa ya zo a farkon watan Ashar, watan faɗuwar damina. Cikin kwana shida gonaki suka ɓace, ba abin da ake gani sai ruwa har inda ido ya tsaya, da kawunan bishiyoyi jefi-jefi. Kowa ya ɗago jirginsa. Amare na ta wucewa ƙarƙashin laima za su gida, Moyna na ƙirga su daga kwata. Sarauniyar Teku kuwa tana bakin gaɓa a kan kututturan ayaba, an lulluɓe ta da tabarma. Motaleb ya rantse ba za ta taɓa ruwa ba sai ranar biki, kada ƙyallin fenti ya dushe.

Ana gobe biki, Moyna na wanke tukwane a kwata, Nitai Mistiri da Hekmot suka zo suna gyara koma. Ba su kula da ita ba. Ba a cika kula da ita ba.

"Kaka, gaskiya, zai tashi kuwa?"

"Zai tashi, nan ne matsalar. Kwaɓin nan da fenti za su riƙe shi awa ɗaya. Sai ya kai tsakiya, inda gora uku ba ta taɓa ƙasa, igiyar ruwa ta fara murɗa shi, sannan zai tofar da kwaɓin gaba ɗaya. Mutane dai za mu tsamo su. Jirgi mai suminti a ciki kuwa, sai dai kifi ya gada."

"Ka gaya masa mana."

"Sau nawa? Ni ban ga teku ba." Tsoho ya ja zaren koma da haƙori. "Jirgin nan ni da uban yarinyar muka sassaƙa shi. Da zai yi wa kansa gata ya nutse nan bakin kwata, da ya warke."

Moyna ta daɗe tana cuɗa tukunya ɗaya, har gindinta ya fara ƙyalli.

Washegari da sassafe ta sauko da tukwanenta kamar kullum. Ba kowa sai agwagi. Ta ɗaga gefen tabarma, ta zura hannu ƙarƙashin katakon zama na baya, inda suminti bai kai ba. Toshiyar Abba na nan, ta bushe ta yi sako-sako. Ko ƙarfi ba ta sa ba ta biyo hannunta. Ta ƙulle ta a bakin sari tare da makullan gida, ta mai da tabarma, ta wanke tukwanenta.

Da hantsi kwata ta cika maƙil. An kawo kwandon jilabi, soyayyen zaƙi mai kama da alkaki, an kawo mai ganga. Motaleb ya fito cikin farin wando da farar riga da wata hula mai baki, ya hau kan turmi.

"Jama'a! Yau jahilci ya ƙare a ƙauyen nan. Shekara ɗari kuna tura jirgi da gora kamar masu tuƙa tuwo..."

"Ka rage, jilabi na hucewa!" Hekmot ya ɗaga murya.

Memba Saheb ya iso da laima da takalmi mai sheƙi. Aka ɗaga shi aka ɗora a kujerar ƙarfe. Motaleb ya juya wajen liman.

"Huzur, Allah gafarta malam, bisimilla, ga wuri."

Liman ya dubi jirgi, ya dubi gora mai kamu ashirin. "Ku je, ɗana. Addu'ata ta fi kamawa daga tudu."

"To ke fa?" Motaleb ya nemi matarsa da ido. Moyna ta shige bayan surukarta.

"Kunya take ji," in ji tsohuwar. "Ni ma kunyar nake ji."

Aka yi fatiha, aka tura. Sarauniyar Teku ta gangara kan kututturan ayaba ta faɗa ruwa, ta tsaya cak, shuɗiya tana walƙiya. Motaleb ya dubi Nitai Mistiri ya ɗaga gira. Ya ja igiya, fuskar Memba ta hau sama a hankali, gashin baki da murmushi da komai, har ta rufe rabin sararin sama. Mai hoto ya ɗauka. Memba na ƙasa ya haɗa tafin hannu irin na Memba na sama.

Can sai ya dubi ƙafarsa.

"Motaleb, takalmina ya jiƙe."

"Gumi ne, Saheb. Kowane sabon jirgi yana gumi."

"Gumin ya kai idon sawu."

"Alamar lafiya ce."

"Motaleb, akwai kifi a cikin gumin nan."

Motaleb ya cire hularsa ya fara kwarfar ruwa da ita. A daidai nan iska ta taso. Ƙaton ƙyallen ya cika fam, kumatun Memba suka kumbura, jirgi ya karkata ya fara juyawa a wuri ɗaya kamar jaki a turke. Zagaye na farko Memba na sama ya yi wa masallaci murmushi. Na biyu ya yi wa mata. A na uku sandar da ke ƙasan ƙyallen ta zagayo ta share Motaleb daga kan jirgi, aka ji tsulum.

Ya ɓullo yana tofar da ruwa. "Kada kowa ya firgita! Haka ake gwada shi!"

Sarauniyar Teku ba ta jira ƙarshen bayani ba. Ta sunkuyar da gindi, ta yi 'yar gyatsa, ta zauna a ƙasa a hankali, taku ashirin daga kwata, daidai yadda ta saba zama a hannun Abba.

"Na mutu! Ku cece ni! Ina da iyali!" Memba ya rungume kujera, ruwa a wuyansa.

"Saheb, miƙe tsaye!" in ji Hekmot.

"Ina nutsewa!"

"Ka miƙe tsaye dai, don Allah!"

Memba ya miƙe. Ruwa ya tsaya masa a cibiya.

Dariyar da aka yi ranar, an ce har ƙauyen da ke tsallake sun ji. Mai ganga ya faɗi kan gangarsa. Fuli Khala ta zauna dirshan tana share hawaye tana cewa kabewarta ta biya. Agwagin Hekmot, da sauran shuɗi a fiffike, suka yi layi suka ratsa tsakanin Memba da kujerarsa. Mai hoto kuwa bai daina aiki ba sai da Memba ya jefe shi da takalmi.

Kwana da kwanaki Motaleb na kwance, wai zazzaɓi. Ya ce duk wanda ya ƙara ambaton jirgin nan a gidan, ba shi ba shi. Jirgi ya ci gaba da kwanciya. Gora kaɗai ke tsaye, da fuskar Memba rataye, ruwa ya kai mata gashin baki. Masu wucewa a jirgi suna ɗaga mata hannu: "Salamu alaikum, Saheb, ana wanka?" Moyna na saukowa kowace safiya, tana ganin farin kwaɓi na tasowa guntu-guntu kamar tsutsa yana bin ruwa. Tana ƙirga kwanaki a yatsunta.

Rana ta goma sha ɗaya Memba ya aiko cewa in ba a cire fuskarsa daga ruwa ba, zai kai ƙara. Nitai Mistiri ya tara maza shida. Suka fasa sumintin, suka zubar da tubala, suka ba Fuli Khala kujerar ƙarfe, suka ɗago jirgi. Katakai sun kumbura sun rungume juna, ko allura ba ta shiga. Tsoho ya bi shi da tafin hannu tun daga hanci har gindi. Da ya kai ƙarƙashin katakon zama na baya, sai ya tsaya.

"Me ka gani, Kaka?" in ji Hekmot.

Nitai Mistiri ya ɗago kai, ya dubi kwata. Moyna na can ta duƙufa kan tukunya.

"Ba komai. Kifi ya cinye toshiya. Kifin bana akwai hankali."

Ya sassaƙa wata, ya raba gorar biyu, ya shafe gindin jirgi da kwaltar da aka mai do masa. Moyna ta zaro zanen uwarta daga ƙarƙashin katifa.

Da labari ya kai ɗaki cewa jirgi na kan ruwa ba ya ɗiga, zazzaɓin Motaleb ya sauka nan take. Kafin azahar yana shagon shayi.

"Ai dama shirina ke nan. A Citagong haka muke yi. Sai ka busar da shi, sannan ka nutsar da shi kwana goma. Sabuwar dabara ce, ba ta iso nan ba tukuna."

"Memba ma cikin dabarar yake?" in ji Hekmot.

"Ana buƙatar nauyi, Bhai."

Ranar Juma'a suka tashi. Hekmot ne ke tuƙi, wai yana da agwagin da zai duba a hanya. Motaleb ya zauna a hanci yana nuna masa gabas da yamma. Iska ta shiga zanen, koren ya cika, ruwan goron ya cika, mai furannin ya cika, ruwa na waƙa a ƙarƙashin katako. Wajen la'asar bishiyoyin ƙauyen su Moyna suka ɓullo, da wani ɗan farin abu tsaye a kwata ya kare ido da hannu: uwarta ce.

Motaleb ya juyo. "Kin ga abin da na gaya miki? Da na bi ta Abbanki, da yanzu muna gida. Toshiyarsa ma ruɓaɓɓiya ce, ita ta so ta ɓata min lissafi. Ko ba haka ba?"

Moyna ta ja sari ta rufe bakinta. Ƙullin makullai ya faɗo mata a cinya, ta ji 'yar toshiyar ta cikin ƙyalle, lafiyayya, da zaren ramar da Abba ya naɗa da hannunsa. Tun da suka taso take shirya yadda za ta ba uwarta labari in sun keɓe a madafa. Sai ta tuna uwarta ba ta iya riƙe dariya, ƙanwar uwarta kuma ba ta iya riƙe magana, ga rani na nan tafe, jirgi zai sake buƙatar kwanciya, mai jirgi kuma yanzu da kansa zai nutsar da shi yana cika baki.

"Haka ne," ta ce.

Ta ƙara wa ƙullin ɗauri ɗaya, ta jefa shi bayan kafaɗa. Ko uwarta ba za ta ji ba.